Hoton Ƙuduji a Gonar Baba

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gusau ina da shagon ɗinki a Sabon Gari, keken ɗinki ɗaya da benci ɗaya. A nan ciwon hoto ya kama ni. Wani akawu da aka sauya wa wurin aiki ya sayar mini da akwatin hotonsa, baƙi mai ido ɗaya, duk ya goge a gefe. Matata ta ce na sayi wahala da kuɗina, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Mu huɗu ne masu wannan ciwo a unguwar. Akwai babban akawun tasha, mutumin Ikko, dattijo mai tabarau, wanda a barandarsa muke haɗuwa ranar Lahadi da la'asar. Akwai malamin asibiti mai ba da magani, mutum mai sanyin magana, wanda bai taɓa yi wa babban akawu musu ba ko da wasa. Sai abokina mutumin Tsafe, mai awon auduga a wani kamfani, ɗan manomi kamar ni, bakinsa kamar reza. Sai ni.

Fure muke ɗauka, ba mutane ba. Babban akawu ya ce mutum yana motsi, yana neman a fito da shi ya fi yadda Allah ya yi shi, fure kuwa ba ruwansa. Kowa zai kawo hotonsa a shimfiɗa a kan tebur, a sha shayi, a yi ta sukar juna. Wanda ya fi kyau a kafa shi a bangon barandar har sai wani ya ture shi. Doka ɗaya ce: fure kaɗai, baƙin ƙyalle a bayansa, kada a ga ƙasa, kada a ga mutum, kada a ga komai. Ƙyallen ma ni na kalmashe bakinsa a kekena, kowa na ba shi nasa kyauta.

Na daɗe ina zuwa, hotona bai taɓa hawa bangon nan ba. Babban akawu yana da furannin Turawa a gwangwanayen kananzir, su yake ɗauka, su fito tsaf. Malamin asibiti ya taɓa zuwa har wani tafki kusa da Bungudu ya ɗauko hoton furen bado, ya shiga ruwa iyakar gwiwa, hoton ya yi wata da watanni a bango. Ni kuwa abin da na sani nake kawowa: furen kuɓewa, furen kabewa, furen rama. Duk ranar da na ajiye nawa sai mutumin Tsafe ya sunkuya ya shinshina shi.

"Tela, wanga hure naka ƙamshin miya shikai," in ji shi. "Saura daddawa da gishiri."

A yi dariya, ni ma in yi. Amma ina son bangon nan, ba zan ɓoye ba. Ina sonsa kamar yadda mai sabuwar riga yake son ranar Juma'a. Wani lokaci ina kan keke sai in ga hotona a kafe a can, har in karkatar da ɗinkin mutane.

Ƙarshen wata damina aka aiko mini daga Rawayya cewa Baba ba ya jin daɗin gonarsa. Ba a ce ba shi da lafiya ba, gonar aka ce. Na rataya akwatina na bi masu jakai.

Tun daga nesa na hango ta. Gonar da na sani kore shar ta koma wata kala tsakanin ja da shuɗi, fure ko'ina, iska tana kaɗa shi. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne kyau. Sai da na matso na ga dawar, sannan na gane saƙon da aka aiko mini. Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ciyawa ce mai kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse ta, kafin ta ɓullo a gani ta riga ta gama ɓarna. Kyan ɗan maciji gare ta. Dawar da ya kamata ta shanye kan mutum ga ta nan iyakar ƙugu, ganye ya ƙone, zangarniya kamar yatsa.

Baba yana tsakiya a duƙe, yana tugewa yana tarawa don a ƙona. Tun asuba yake yi, kuma shi ma ya san aikin banza ne a wannan shekarar, don baɗi yake yi. A ƙauye gonar da ƙuduji ya yi wa fure ba a tsayawa kallonta. Mutane sukan wuce su ce Allah ya kyauta, su kau da kai, kamar an wuce gidan da aka yi rashi. Baba mutum ne mai jin kunya da girman kai a haɗe, wannan kau da kan ya fi yunwar da ke tafe ci masa rai.

Muka gaisa. Na tuɓe riga na taya shi har rana ta karkata. Da muka zauna hutawa sai idona ya yi ta komawa kan wani ƙuduji da ya tsaya shi kaɗai a gindin wani kara, hasken la'asar yana bi ta cikin furensa. Na jawo akwatin, na fito da baƙin ƙyallena.

"Mi kaka biɗa da akwatin ga cikin gonata?" in ji Baba.

Na yi masa bayanin barandar, da tebur, da bango. Ina faɗa ina jin yadda maganar take zama wauta a bakina. Da na gama sai na fara naɗe ƙyallen.

"Aje tsumman ga," ya ce. "In ɗauka za ka yi, kak ka ɗauke shi shi kaɗai awa ango. Ka sa dawad da yak kashe. Su gani duka ko su bari."

Na ce na ji.

"Ji daban, alkawari daban."

Na ce na yi alkawari.

Ya tashi ya je ya tsuguna, ya kama karan da hannun hagu ya karkato shi kusa da furen, don su shiga tare. Mutumin da bai taɓa yarda a nuna shi da akwatin hoto ba. Fuskarsa ba ta shiga ba, hannun kaɗai. Na riƙe numfashi na danna. Ina gamawa ya sa hannun dama ya tuge ƙudujin ya jefa kan tarin.

A Gusau na toshe tagar ɗakina da bargo na wanke fim ɗin, na buga hoton a hasken rana kamar yadda muke yi. Da ya fito na san ban taɓa yin irinsa ba. Furen yana dama, fes, kowane ganye a fili. A hagu ga busasshen kara da 'yar zangarniyarsa, ga hannun Baba, jijiyoyi a tashe, faratan sun cika da ƙasa.

Ranar Lahadi na ajiye shi a kan tebur. Mutumin Tsafe ya sunkuya zai shinshina, sai ya tsaya, ya koma ya zauna. Ya gane abin da yake kallo. Babban akawu ya gyara tabarau, ya ɗaga hoton ya kai shi wajen haske, ya daɗe.

"Tela, wannan fure a ina ka same shi? Ban taɓa ganin mai kyau haka a ƙasarku ba."

Na ce a gonar mahaifina, kuma akwai shi da yawa.

Babban akawu ya ɗauko guntun kwali ya rufe rabin hoton na hagu. Hannu ya ɓace, kara ya ɓace, saura fure yana ta yanga. Ya ce ka gani, ga hoto nan. Malamin asibiti ya ce lalle ga hoto nan. Babban akawu ya ce a yanke wannan gefen, shi da kansa zai shafa wa furen launi da ɗan burushinsa, a kafa shi a bango. Har ma zai aika da guda ga 'yan'uwansa a Ikko su ga kyan Arewa. Ya aika aka kawo almakashi.

Abin da na daɗe ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini. Na ji daɗi, daɗin ma har kunnena. Kuma a cikin daɗin na ji haushi yana tasowa.

Na ce ba za a yanke ba.

Babban akawu bai yi fushi ba da farko. Ya ce doka ce, kuma da ni aka yi ta. Ya ce hannun ya ja ido daga furen, karan ya ɓata tsari, mai kallo ba zai san inda zai duba ba. Gaskiyarsa ce ta fuskar hoto, ban musa ba. Na ce ai ba so nake mai kallo ya huta ba. Na gaya musu abin da wannan fure yake yi, da abin da za a ci a gidanmu bana, da alkawarin da na ɗauka. Malamin asibiti ya ce ayya, Allah ya kyauta, ya kau da kai. Daidai yadda masu wucewa suke yi a Rawayya.

"Mu nan ba noma muke ba," in ji babban akawu. "Kyau muke kallo."

"To ku kalle shi da abin da ya ci," na ce.

Wanda ya fi ba ni haushi abokina ne. Na zaci shi zai tsaya mini, tun da ubansa ma fartanya ce ta tanƙwara masa baya. Sai ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Kai tela, bar taurin kai. Yanke musu guda, ka kai ma tsoho guda cikakke. Yaushe za shi zo Sabon Gari shi ga bangon wani? Kowa ya samu abin da shika so."

Na dube shi. Na ce ai ba don Baba zai gani na yi alkawarin ba, don waɗanda ba su taɓa gani ba ne. Na ce kai da ka san ƙuduji tun kana tsirara, kai ne za ka ce a shafa masa janbaki a aika da shi Ikko? Ya ce dai ni na sani.

Na koma teburin. Almakashin yana kwance kusa da hoton, kuma almakashi ne mara kaifi, irin wanda ba zan bari ya taɓa ko tsumma a shagona ba. Na ture shi gefe na ɗauki hotona. Babban akawu ya ce in na fita da shi haka, to na fita daga doka, wanda ya fita daga doka kuwa ba shi da kujera a barandar. Ya faɗa a hankali, yana jiran in sauko. Na zaro baƙin ƙyallena daga aljihu na ajiye masa a kan kujerar. Na ce ga shi nan ya zauna a madadina, shi ba ya musu.

Na kama hanya cike da fushi. Da na isa gida na zauna a bakin ƙofa, sai baƙin ciki ya zo. Ina son mutanen nan. Ranar Lahadin da ta biyo na rasa inda zan sa kaina, na buɗe shago na yi ta ɗinkin da ba na gaggawa ba. Amma ban koma ba, kuma ba su aiko ba.

Bayan kaka na kai wa Baba hoton, tare da buhun gero da na saya a kasuwa. Bai dubi buhun ba, ya ce a kai ciki. Ya karɓi takardar hoton da hannu biyu, ya zauna a gindin rumbun da hatsin cikinsa bai kai rabi ba. Ya fara duba karan. Sannan hannun. Ya juya nasa hannun ya kwatanta, ya ce ashe haka ya tsufa. Sai idonsa ya kai ga furen, fuskarsa ta ɗaure. Ya sa farcen babban yatsa a gindin furen ya fara kankarewa.

Na buɗe baki zan hana shi, na rufe. Ina tsaye ina kallo ya bi shi daga ƙasa har sama, a natse, yadda yake yi a gona, har wurin ya koma farin tabo. Ya hure ɓurɓushin ya miƙo mini.

"To, yanzu ya yi," ya ce.

Fim ɗin yana wurina, da na so da na buga wani. Ban buga ba. Wannan ɗin na sa wa gilashi na kafa a bangon shagona, daidai inda duk mai bin hanyar tasha zai gan shi. Babban akawu yakan wuce da safe, ya ɗaga mini hula, ni ma in amsa, idonsa bai taɓa sauka a bangon ba.

Mutumin Tsafe ne ya shigo wata rana da sunan zai gyara aljihun riga. Aljihun lafiyarsa lau. Ya tsaya gaban hoton hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallon hannun da karan da farin tabon. Bai shinshina ba.

"Ina huren?" ya ce.

Ban ɗaga kai daga keke ba. Na ce, "Mai gona ya tuge shi."