Wasiƙar Iya a Kan Muryar Na-Ƙarfe

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a daminar shekarar da na shiga aji biyar, lokacin da gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan Ƙofar Guga. An yi ruwa da hantsi, rana ta buɗe da azahar, aka shanya batiran rediyo a kan katanga don su ƙara ƙarfi. Mata sun gama daka da wuri, mu yara mun cika randuna ba tare da an aike mu sau biyu ba, aka kife turmi a gindin darbejiya aka ɗora rediyon a kai. Kakata, wadda muke kira Iya, ta fito da mazarinta da audugarta ta zauna kusa da shi, wurin da ba mai zama sai ita. Ranar ce za a fara sabon shirin Na-Ƙarfe. Aka yi kiɗan buɗewa, sai ga wata murya mai amo ta yi sallama. Iya ta saurara kamar minti biyu, ta tsayar da mazarin a tasa, ta ce, "Wannan ba Na-Ƙarfe ba ne. Wannan wani malamin makaranta ne ya faɗa rijiya." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni kaɗai ban yi ba, domin na san muryar ta mahaifina ce.

Wanda bai riski zamanin ba, zai yi mamakin yadda wasan rediyo ke riƙe gari guda. Shekara uku muka yi muna bin Ayarin Sama, labarin wasu fatake da suke ratsa taurari cikin jirgi, suna kai gishiri da irin shuka duniyoyin da ba su da su. Akwai madugu, akwai mai dafa abinci, akwai likita, amma wanda ya sace zuciyar mutane shi ne Na-Ƙarfe, mutumin da aka ƙera da ƙarfe. Ya san nisan kowace tauraruwa, yana ɗaga abin da ƙato goma ba su iyawa, amma ya kasa gane dalilin da ya sa mutane ke kuka a wurin biki. A makaranta, da an buga ƙararrawar tara, mukan zana jirgi a ƙasa da tsinke mu shiga ciki, a yi ta rigima a kan wa zai zama shi. A gona, idan an kai mu korar tsuntsu, rumfar tsaro ita ce jirginmu, gwangwanayen da aka rataya a igiya su ne injinsa. Na zauna a Alƙahira, na zauna a Landan, na ga manya da furfura suna faɗa a kan jaruman labaran sararin samaniya, ban ga inda aka fi mu ɗaukar abin da zafi ba.

Sai ayarin ya koma gida, shirin ya ƙare, kuma ba a daɗe ba mai yin muryar Na-Ƙarfe ya rasu. Bayan kusan shekara gidan rediyon ya sanar cewa za a ɓullo da wani reshe na labarin: an bar Na-Ƙarfe shi kaɗai a wata busasshiyar duniya, yana haƙa wa mutanenta rijiyoyi. Suka ce gwaji ne na mako takwas, wasiƙun masu saurare ne za su yanke ko a ci gaba ko a tsaya. Ba a faɗin sunayen 'yan wasa a lokacin, ba kuma wanda ya tambaya.

Ni na sani ne ta hanyar tsautsayi. Wata Asabar da safe an aike ni ɗauko igiyar jaki a ɗakin da ke jikin zaure, na tura ƙofa na tarar da mahaifina, Malam Lawal, malamin lissafi wanda ɗalibai ke ɓuya in sun hango kekensa, ya durƙusa ya cusa kansa cikin bokitin ƙarfe yana magana, takarda a hannunsa. Ya ɗago muka kalli juna. Ya ce in rufe ƙofa. Ya bayyana mini cewa duk Asabar da yamma ana ɗaukar maganarsu a wani ɗan ɗaki kusa da Ƙofar Ƙaura, a aika da faifan Kaduna, kuma bokitin ne ke ba muryar amon ƙarfe. Gidanmu gidan malamai ne, kakana ya yi limanci a unguwa har ya bar duniya, wasan kwaikwayo kuwa ba abin da ɗan irin wannan gida zai yi da sunansa ba ne. Ya ce kada kowa ya ji. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba, ko da yake shatin bakin bokiti na kwance a goshinsa.

Makonni uku na farko sun yi masa tsauri. A rumfar tela da ke bakin layinmu, inda dattawa ke zama, wasu suka ce a bar mamaci ya huta, ba a yi wa Na-Ƙarfe magaji. Wasu suka ce labarin rijiya ya fi na ayari ma'ana, muryar ce dai ta ɓata shi. Samari kaɗan suka tsaya masa, su ma don su saɓa wa manya ne. A makaranta yara suka daina rububin zama Na-Ƙarfe, aka koma kwaikwayon sabon don a yi dariya. Mahaifina yakan wuce duk wannan a kan kekensa, ya yi sallama, a amsa masa da girmamawa, ya shigo gida ya bar rabin tuwonsa a kwano.

Iya kuwa ba ta rasa abin faɗa duk Alhamis. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban ji ta kira sunansa ba, ban ga sun zauna hira ba. In ya zo gaishe ta da safe yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. In tana da saƙo sai ta ce da ni, "Gaya wa ubanka rufin ɗakin awaki na yoyo," alhali yana tsaye taku biyar daga gare ta. Na san al'ada ce, amma a zuciyar yaro na ɗauka al'adar ta cinye har da ƙaunar.

A mako na huɗu ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini takarda da ambulan da ta sa aka sayo. Da yake ni jika ne, akwai wasa tsakaninmu. Ta ce, "Zamna nan, maigida. Tunda cefane ya gagare ka, ka biya ni da boko." Na ce ai matar da ba ta iya tuwo ba ba ta ƙorafin cefane. Ta ɗaga mafici kamar za ta buge ni, sannan ta gyara zama ta fara shifta. Har yau ina iya kawo maganarta. Ta ce a gaya wa masu shirin cewa Na-Ƙarfe na da ba ya amsa magana nan take, yakan yi shiru tukuna, domin shi ƙarfe ne, sai ya juya maganar mutane ya ga inda ta dosa. Wannan sabon kuwa tun kafin a rufe baki ya ba da amsa, kamar mai gyara wa yara lissafi. Ta ce yana ɗaga murya inda ya kamata ya sauke, yana jin tsoron shiru kamar mai bin hanyar maƙabarta. Ta rufe da cewa in zai iya gyarawa ya gyara, in ba zai iya ba a nemi wani.

Jimlar ƙarshen nan ce na kasa rubutawa. Ga ni da alƙalami, ga tsohuwar da ba ta karatun boko, ga mahaifina da aikin da na ga yana so ya rataya a kan wasiƙu. Sai na rubuta abin da na ga dama. Na ce sabon Na-Ƙarfe ya fi na da nesa ba kusa ba, na ce duk Katsina ba a maganar kowa sai shi, na roƙi a bar shi har abada. Da na ga sauran fili a takardar, sai na ƙara abin da nake jin manya na faɗa idan sun yaba mutum: Allah Ya yi wa uwar da ta haife shi albarka. Ta ce in karanta mata, na dubi takardar na maimaita mata maganarta daga ka, ba tuntuɓe. Ta ce, "Ashe kan nan ba na ɗaukar tulu ba ne kaɗai." Na kai gidan waya da gudu, ina jin kaina gwarzo.

Ranar Lahadi ta biyu, a filin wasiƙun masu saurare, aka karanto ta, da sunan Iya, Hajiya Tasalla ta Ƙofar Guga. Mai karatun har ya maimaita addu'ar ƙarshen don ta burge shi. Mahaifiyata ta shige madafa da sauri, matar baffana ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Kafin magariba maƙwabta sun fara shigowa. Wata tsohuwa, ƙawar Iya tun ƙuruciya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Tasalla, mi muka ji haka? Yabon ɗan fari a rediyo, har da sa wa kai albarka? Lalle boko ya shigo gidan liman." A nan ƙasa ta juya mini. Ashe kowa ya sani. Matan gida sun sani tun ranar farko, dattawan rumfar tela sun sani, shi ya sa suke sukar muryar su kuma amsa sallamar mai ita da mutunci. Unguwa guda ta taru ta rufa wa mahaifina asiri ta hanyar yin kamar ba ta gane ba, ni kuma na zo na yaye, na kuma jefa Iya cikin kunyar da ta fi kowace a wurin mace irinta.

Ba ta dake ni ba, ba ta ma yi mini faɗa ba. Ta daina kirana maigida, ta daina fitowa gindin darbejiya, aka yi suna a maƙwabta ta aika da gudummawa ba ta je ba. Wannan ya fi mini bulala ciwo.

Washegari mahaifina ya ce in raka shi gona. Muna tafe tsakanin kunyoyin gero, ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na san ba ita ta faɗi wancan ba. Mi ta ce?" Na kawo masa duka, har da jimlar a nemi wani. Na zaci ransa zai ɓaci. Sai ya ce in sake faɗin wurin shirun. Na sake. Ya tsinki ganyen gero yana murzawa, sannan ya ce, "Wata guda ina jiran wannan wasiƙa. Ba ta da wata hanyar gaya mani sai ita, kai kuma ka tare hanyar." Iyakar hukuncin da ya yi mini ke nan.

Faifan da aka ɗauka bayan wannan shi ne na mako na bakwai. Ranar da za a sa shi an kife turmi kamar kullum, wurin Iya ba kowa, amma labulen ɗakinta a ɗage yake. A cikin labarin wata yarinya ta tambayi Na-Ƙarfe ko shi ma yana jin ƙishirwa, tunda kullum yana haƙa wa wasu ruwa. Sai rediyon ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har baffana ya miƙa hannu zai bubbuga shi, yana zaton batir ne. Sannan muryar ta zo, ƙasa-ƙasa, ta ce bai sani ba, amma zai yi tunani. Ba wanda ya yi motsi. Da aka gama, sai muka ji Iya daga cikin ɗaki tana cewa, "Maigida, gaya wa masu rediyo sun fara hankali." Mahaifina yana zaure a lokacin, kuma tsakanin zauren da ɗakinta ba nisa. Ban kai saƙon ko'ina ba, ya riga ya isa. Aka ci gaba da shirin shekara biyu cur, kuma har ya ƙare ba wanda ya taɓa ce wa Malam Lawal ya ji muryarsa a rediyo.

Bana da na dawo gida na zauna, jikata ta nuna mini a wayarta cewa wasu matasa sun farfaɗo da Ayarin Sama, murya kawai ba hoto, kowane ɗan wasa da sunansa a rubuce. Sun yi ƙoƙari, na saurari kashi shida a jere. A ƙarƙashin kowane kashi akwai ra'ayoyi rututu, wasu sun rubuta tun kafin su kai rabi: wannan ya ce sun kashe labarin, wancan ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Irin wannan na gani a ƙasashen da na zauna, cikin harsuna daban-daban, zafin iri ɗaya ne. Na yi ta gangarawa da yatsa ina neman mutum ɗaya da ya ce wa ɗan wasan ga inda ka yi sauri, ga inda ya kamata ka dakata, ban samu ba. Yabo ya yi arha, zagi ma haka, kuma kowa da abin jinsa a kunne, shi kaɗai. Iya ta yi mako huɗu tana saurare kafin ta ce a ɗauko takarda. Na yi shekaru kafin na gane cewa duk gidan ba wanda ya kai ta sauraron ɗanta.