Binciken da Na Yi wa Karatun Sa'adatu a Dutse

Da sunan Allah. Ni nake faɗa, surukata tana rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Aujara zuwa Jahun

Ladan bai yi kiran farko ba na riga na gama shiri. Ana sallame asuba na ɗauki jakata da ƙullin daddawa na tsaraba, na nufi bakin titi. A ƙasan jakar akwai wayar maƙwabciyata Tabawa mai ƙuli-ƙuli, naɗe a tsumma. Ita ta ba ni aro da hannunta, kuma ta san abin da zan yi da ita.

Ga dalilin tafiyar. Jikata Sa'adatu tana aji uku a jami'a a Dutse, tana karatun da suke kira tsaron intanet. Da ta zo hutu, wani ɗan'uwa ya ji tana gaya wa ƙawarta ta waya cewa sun yi jarrabawar kutse cikin kwamfuta. Kafin la'asar magana ta kai masallaci. A watan ne kuma aka damfari wani dillalin hatsi na garinmu ta waya, aka yi masa ƙarƙaf. Ubanta, ɗana na fari wanda ba na kama sunansa, malami ne mai makarantar allo a ƙofar gida. Ya ce ba zai zauna yana karantar da haramcin sata alhali 'yarsa tana can tana koyon ta ba. In wannan zango ya ƙare, ta dawo gida ke nan.

Na ce, "Malam, ka gani da idonka?"

"Iya, an faɗa mini."

"To ni ba na yanke hukunci da an-faɗa-mini. Zan je in yi bincike. Abin da na dawo da shi, shi za a yi."

Ya ce ya yarda. Dole ya yarda, don duk Aujara an san ni da wannan aiki. In za a kai yarinya aure wani gari, ni ake turawa in gano asalin gidan da halinsu. Ba na sanar da zuwana, ba na tambayar mai gida halin gidansa, kuma ba na juyowa sai na gwada mutum da kaina.

Motar farko ta 'yan kasuwa ce, an cusa mu kamar buhuna, da ɗan akuya a ƙafata har Jahun.

Jahun, Kiyawa, Shuwarin

A tashar Jahun na sha koko da ƙosai, kokon ya yi ruwa, na kuma gaya wa mai shi. Direban motar Dutse ya ba ni gidan gaba ba tare da na roƙa ba.

"Iya, asibiti za ki?"

"Ka ga alamar ciwo a jikina? Jami'a za ni."

Mota ta ɗauki dariya. Ya ce, "Aji nawa kike?"

"Ni ce mai duba malaman."

Kafin Kiyawa muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Mama, me ke cikin ƙullin nan?" Na ce ya buɗe ya shaƙa. Ya buɗe kuwa, daddawa ta gaishe shi, ya ɗaga mana hannu da sauri. Daga Shuwarin hanya ta yi kyau, duwatsu suka fara bayyana, da itatuwan dabino a gindinsu. Hantsi ya ɗaga muka shiga gari.

Limawa

Adaidaita sahu ya kai ni gidan Uwale, 'yar ƙanena, inda Sa'adatu take zaune. Yarinyar ta riga ta tafi makaranta, abin da nake so ke nan. Uwale ta rikice da murna, ta shimfiɗa darduma, ta aika a sayo nama. Na ce ta nuna mini ɗakin jikata tukuna.

Abin haram ba ya ɓuya a ɗakin budurwa, a sutura yake fara fitowa. Na duba. Atamfofinta duk na san su, biyu ma ni na saya. Takalminta na fita an kai shi wajen mai gyara har ɗinkin ya hau kan ɗinki.

Daga nan na shiga maƙwabta kamar mai neman aron turmi. Matar gidan mai surutu ce, Allah ya yi mata albarka. Na zauna ina taya ta tsince shinkafa, ta kawo mini labarin unguwa kaf. Game da Sa'adatu abu ɗaya ta kawo na ƙorafi: wai ta hana matan layin faɗa wa kowa lambar da banki ke turowa a waya, har ta yi wa wata faɗa kamar ita ta haife ta.

Jami'a

Bayan azahar Uwale ta raka ni. Wuri ne mai faɗi, ƙafa ta sha tafiya. Na fara da rumfar masu abinci, don mai abinci ta fi shugaban makaranta sanin ɗalibai. Ta ce yaran sashen nan ba su da hayaniya, sai yawan zama, da cin garau-garau suna musu kan abin da ba ta ganewa.

Sa'adatu ta hango ni daga nesa, ta sheƙo a guje.

"Iya! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, ƙawata. Karatunki na zo gani."

Nan take fuskarta ta canza. Ta gane ubanta bai huce ba, kuma a bakina maganar take.

Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar randa, kwamfutoci jere. Malaminsu ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ban yi kwana-kwana ba.

"Malam, gaskiya ne kuna koya wa yaran nan fasa kwamfutar mutane?"

"Hajiya, muna koya musu yadda ake fasawa. Wanda bai san ta inda ake shiga ba, ba zai iya toshewa ba. Amma waɗannan da suke fasawa namu ne, don haka muka kafa su. Wanda ya taɓa ta wani ba da izini ba, ya bar makaranta, hukuma kuma tana jiransa."

Ya yi mini bayanin asibitoci da bankuna da ma'aikatun da ke neman masu wannan ilimi. Maganarsa ta shiga kunne, na yi masa godiya. Amma ai shi mai gida ne. Ya tabbatar mini dai yarinyar ta iya, sauran in san abin da za ta yi da iyawar.

Limawa kuma

Bayan la'asar Uwale na murhu, na ja Sa'adatu ɗaki na tura ƙofa. Na kwance tsumma na ajiye mata wayar.

"Kin san ta wace ce?"

"Kamar ta Inna Tabawa."

"Ita ce. A tsakar gidana ta manta ta, tana can tana nema. An ce tana aika wa 'yarta murya tana cin mutuncina. Za ki iya buɗewa?"

Ta juya wayar a hannu. "Da wuya ta gagare ni, Iya. Lambar da su Inna Tabawa ke sawa ba ta da wuyar ganewa."

"To buɗe in ji."

Ta ajiye ta a kan tabarma a hankali. "Ba da saninta ba ne. Ba zan buɗe ba."

"Ba wanda zai sani. Ni da ke ne."

"Allah zai sani, ni ma zan sani."

Na haɗe rai yadda duk jikokina suka san ba wasa. Na ce, "Sa'adatu, ni na goya ki. Gobe zan koma, ubanki yana jiran kalma ɗaya daga bakina. Ki yi mini wannan, in ce masa karatunki tsarkakakke ne. Ki ƙi, kin san sauran."

Hawaye suka zubo mata. Ta durƙusa ta kama ƙafata. "Iya, ki dake ni in kina so. Zan bi ki Aujara in durƙusa wa Inna Tabawa in tambaye ta abin da ya haɗa ku. Amma wayarta ba zan buɗe ba, ko da a kan wannan za a cire ni."

Na naɗe wayar na mayar jaka. Zuciyata kamar ta fito don daɗi, amma mai bincike ba ya buɗe sakamako a gidan da ya je. Tuwon da Uwale ta yi da miyar kuka na ci na ƙoshi. Ita yarinyar loma biyu ta yi.

Komawa

Da safe ita ta ɗaukar mini jaka har tasha, ido a kumbure. Ta sayo mini dabino, ta roƙi direba ya ba ni gefen taga. Wata da aka yi wa abin da na yi mata, ko sallama ba za ta yi ba. Na lura da wannan ma.

Taya ta yi faci bayan Kiyawa, muka zauna a inuwar darbejiya har aka canza. Azahar a Jahun, la'asar a Aujara.

Na tarar da Malam a zaure ya sallami ɗalibai. Na zauna na kwashe komai na faɗa masa, tun daga takalmi har kukan da ta yi. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ke ta hana, Iya?"

"Ni, da girmana, da barazanata."

"Ni kaina ban taɓa ce miki a'a ba," in ji shi. Ya zaro wayarsa ya kira Sa'adatu, ya ce, "Ki zauna ki gama karatunki. Allah ya yi miki albarka." Sai ya miƙo mini.

Can na ji tana kuka tana dariya. "Iya, ashe gwada ni kika yi! Wallahi ba zan ƙara saya miki dabino ba."

"Za ki saya, ƙawata, in kin fara ɗaukar albashi. Manya-manya nake so."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Uwale da tuwonta, da direbobin da suka girmama furfura. Wanda ke da sauran magana kan karatun jikata a garin nan, ya san ƙofar ɗakina.