Sandar Tagullar da Gwadabe Ya Kafa a Ƙofar Gidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu Ya karɓi abinSa. Allah Ya yi wa Malam Gwadabe Garba rasuwa da safiyar Talata, sha biyar ga watan Afrilun 2025, a gidansa na gado da ke Challawa, bayan 'yar gajeriyar jinya. An sallace shi bayan azahar, aka kai shi makwancinsa.

Ni dai rediyo ne ya fara sanar da ni, kuma da shiru ya sanar da ni. Kullum da hantsi nakan kunna rediyon oba-oba da ke zaurena a Sharaɗa, in ji muryarka, Gwadabe, ta keto cikin ƙarar iska tana cewa, "Badamagare, ka tashi ko sai na aiko a tashe ka?" Ran nan na kunna, na kira, na sake kira, ba amsa. Ina zaune riƙe da abin magana wayata ta yi ƙara, ɗanka Abdulbaqi ya ce, "Baba Ya'u, sai haƙuri." Ban ji sauran maganarsa ba.

'Yata Badi'a ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, domin idanuna sun daɗe da tafiya. Na ce da ita ko ta ji na yi zafi kada ta gyara min magana, haka muka saba da kai.

A wata masaƙa ta Bompai muka haɗu, muna samari. Kai kana sashen wuta, ni ina kan injunan saƙa, ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Ranar farko ka dube ni ka ce an kawo muku bawa, na ce bawan da ya zo ya koya wa Kanawa aiki. Daga wasan Bakano da Badamagare abota ta ƙullu, har aka rufe masaƙar, ka koma kamfanin jima a Challawa, ni na koma sayar da kayan gyaran keken ɗinki.

Duk wanda ya san ka ya san halinka da wuta. In ka shiga gidan mutum ka ga an cusa tsirarar waya a soket an tokare da tsinken ashana, ba za ka sha ruwan gidan ba sai ka gyara. Masallatai nawa ka ja wa wuta a Challawa da Sharaɗa, ka hana a faɗi sunanka? Akwai bazawarar da ke maƙwabtaka da kai, wadda firjin ƙanƙararta yake jan yara in sun taɓa. Ka wuni a kansa, da ta kawo maka tukuici ka ce ta ba ka ƙanƙara ɗaya ka sa a buta. Abu ɗaya na riƙa yi maka dariya a kai, wato rediyon nan naka mai aikawa da karɓar magana, da doguwar eriyar da ka ɗaura a saman gida har mutanen unguwa suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne kai. Nakan ce ga waya a aljihun kowa, tsoho ya tsaya wasan yara. Kai kuma ka ce waya sai wanda ka sani kake kira, rediyo kuwa sallama kake yi wa duniya ka ji wa zai amsa.

Sai hawan jinin ido ya same ni. A hankali ya riƙa cin gefe da gefe har ya rufe. Ni da nake hango zare ɗaya da ya tsinke daga ƙarshen layin injuna, na koma laluben bakin ƙofa. Makantar ba ta fi min ciwo ba kamar muryar da mutane suka koma yi min magana da ita, a tausashe, kamar ana gaida mai naƙuda. Na ce ba mai jan hannuna a titi. Na rufe shago, na daina zuwa masallaci, na shige ɗaki. Badi'a ke kawo min buta da roba, in yi alwala a bakin gado, in yi sallah a nan, in koma in kwanta. Ƙafafuna suka kumbura. Likita ya ce in ban riƙa motsawa ba, ba idon ne zai kashe ni ba. Na ji shi, ban kuma damu ba, domin a lokacin na riga na sa kaina cikin waɗanda ake jira a ji labarinsu.

Ka zo ka yi nasiha na kore ka. Ka dawo ka yi zagi na kore ka. Da ka ga haka sai ka daina magana, ka kira ɗana Uwaisu da ke aiki a Amurka, ka gaya masa irin rediyon da zai nema, ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, ya aiko. Ban san an yi haka ba sai da kwali ya iso.

Na rantse ba zan taɓa shi ba. Amma mai hali ba ya fasa halinsa, hannun da ya saba da inji ba ya ganin inji ya ƙyale. Na buɗe, na shafa. Akwati biyu ne, ɗaya mai maɓallai da abin murɗawa, ɗaya mai nauyi da ke ba shi wuta. Na laluba fulogin na ji haƙoransa falan-falan ne, ba sa shiga soket ɗinmu. Na aiki Badi'a ta sayo adafta a bakin titi. Ina cikin ƙoƙarin cusawa ka yi sallama. Ban ji ka amsa gaisuwar kowa ba, sai ƙarar filaya na ji, ƙat. Ka datse kan fulogin ka jefa a aljihu.

Na ce, "Kai Gwadabe, kayan ɗana ka zo ka lalata?"

Ka ce, "Kayan ɗanka na zo in ceta daga hannun ubansa. Kawo yatsanka."

Ka kama yatsana ka ɗora a bayan akwatin wutar, kan wani ɗan makunni da bai kai ƙwayar wake ba. Ka ce wutar Amurka ɗari da goma ce da 'yan kai, tamu ɗari biyu da talatin, kuma makunnin nan yana ɓangaren tasu. Da na jona, da ƙauri kawai za mu ji. Ka sa ni na tura shi da kaina har ya yi ƙas, sannan ka ɗiga masa gam mai ƙarfi don kada lalubena ya mayar da shi wata rana. Ka cire fis ɗin da ya zo da shi ka sa ƙarami wanda ya dace da wutarmu, ka ɗaura fulogi mai haƙora uku. Duk abin da ka taɓa sai ka ba ni na taɓa. Tun da na makance, kai ne mutum na farko da ya miƙo min aiki maimakon ya karɓe daga hannuna.

Ko a nan ba ka yarda an kunna ba. Ka ce wutar unguwar masana'antu tana da halinta, sai an san shi. Ka zo da mita ranar aiki, lokacin da injunan kamfanoni ke ja, ka ce ta yi ƙasa kamar mai jin yunwa. Ka dawo ranar Lahadi da suka huta, ka ce yau kuma ta ƙoshi har tana neman yin ɓarna. Saboda haka ka sa sitabilaiza a tsakani, ka kawo batir babba ka ce shi zai riƙa ciyar da rediyon, wutar gari aikinta caji kawai. Ka kuma haɗa wata 'yar ƙararrawa da ke kuka in wuta ta wuce ƙima, tunda ba zan ga allurar mita ba. Kan wayar ja ka ɗaura ƙullin zare, baƙar ka bar ta haka, don hannuna ya bambance su.

Rigimar da muka yi ta gaske a kan wurin ajiyewa ce. Na ce a ɗakina, kusa da gado. Ka ce ba zai yiwu ba. Dole a haɗa rediyon da ƙasa, don in wuta ta zame ko tsawa ta sauka a eriya ta sami hanyar wucewa ba ta jikina ba. Wayar ƙasar kuma gajera ake so, ga tsakar gidana duk siminti. Saboda haka sai zaure, sandar kuma a waje, gefen dakalin ƙofar gida. Na yi faɗa, na ce gidana ne. Ka ce gidanka ne, amma wutar ba taka ba ce.

Ina daga cikin zaure ina jin ka kana haƙa. Ka zuba gawayi da gishiri a ramin, ka buga sandar tagulla har ta nutse, ka ɗaure wayar, ka mayar da ƙasa, ka jera duwatsu kewaye. Sannan ka ce, "Saura abu ɗaya. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, kada ka bari wurin nan ya bushe. A nan za ka riƙa alwala."

Na ce, "Sau nawa ake ba shi ruwa?"

Ka ce, "Kai sau nawa kake alwala?"

Na ce Badi'a ta riƙa zubawa. Ka ce wanda yake kunna rediyo shi yake kula da ƙasarsa, in ba haka ba za ka kwance kayanka ka tafi. A lokacin kuwa ka riga ka kunna min shi na ɗan lokaci, na ji muryoyi daga garuruwan da ban san sunansu ba, ka san ba zan iya bari ba.

Washegari da azahar na ɗauki buta na laluba na fita. Kamar ɓarawo na zauna a kan dakali ina sauri in gama kafin wani ya gan ni. Na manta cewa lokacin alwala shi ne lokacin da kowa ke wucewa masallaci. Ina wanke ƙafa na ji an tsaya a kaina. Malam Lawan ne, mai facin taya na kan kwanarmu. Bai ce min sannu ba, bai tambayi jiki ba. Cewa ya yi, "Malam Ya'u, tunda ga alwala ai sai mu wuce, za a tayar." Ya juya ya tsaya daf da ni yadda kafaɗarsa ta taɓa hannuna. Na dafa. Da na ji kafaɗun mutane dama da hagu a sahu, hawaye suka zubo min, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Daga ranar ban sake sallah a bakin gado ba sai da lalura. Kumburin ƙafa ya saɓe. Ka zauna da ni kana karanto min ƙa'idojin rediyo ina haddacewa har na sami lasisina. Wata safiya wani mutum ya amsa kirana daga Damagaram, ya ce an yi ruwan shuka a yankinmu, har ya san tsohuwar kasuwar da mahaifina yake kai gero. Na kira ka na gaya maka, ka ce to, bawa ya ji ƙamshin gida.

Ranar sadakar uku Malam Lawan ya raka ni Challawa. Da mutane suka ragu na jawo Abdulbaqi gefe, na ce masa bazara ta yi tsanani, kada a bar sandar rediyon mahaifinsa ta bushe, in ba mai yin alwala a wurin a sa wani ya riƙa zuba ruwa kowace sallah. Ya ce, "Baba, ai tasa a bayan gida take. Ran Juma'a kawai yake juye mata bokiti, kuma ya ce ya isa har a tsakiyar rani."

Na ce ya maimaita, ya maimaita. Aka kai ni ƙofar ɗakin Hajiya Mairama, uwargidanka, don in yi mata gaisuwa, na kasa haƙuri na tambaye ta. Na ji ta yi 'yar dariya cikin kuka. Ta ce, "Malam Ya'u, ranar da ya kafa muku sandar nan ya dawo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce ya sami abin da zai riƙa fito da Badamagaren nan ƙofar gida, in ba haka ba a ɗaki za a ɗauko shi."

Ka ci ni, Gwadabe. Ka yi min dabarar Kanawa, ba tare da ka yi min ƙarya ko ɗaya ba, ka kuma tafi ba ka ba ni damar ramawa ba. Na so a ce na sani kana raye, in zage ka son raina, sannan in riƙe hannunka in ce na gode. To ga shi ina faɗa a gaban duk wanda zai karanta: na gode. Sauran kwanakin da nake ci a cikin mutane, bayan ikon Allah, kai ne sanadinsu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mairama, da Abdulbaqi da ƙanwarsa Saudat da sauran 'yan'uwa, da abokan aikin marigayin na Bompai da Challawa, da 'yan'uwanmu na kan iska da har yau suke kiran lambarsa da hantsi bisa sabo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Gwadabe, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sanya Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ya mayar da ni sahu, Ka ba shi ladan kowace sallar da na yi a cikinsa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

An kira la'asar. Badi'a, ajiye alƙalamin ki miƙo min butar. Na san bokitin Juma'a ya isa, amma a can zan yi.