Ƙarfen da Aka Lanƙwasa a Jabo

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Shehu makwancinsa a Tambuwal, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba. Tare muka koyar a sakandare, shi kimiyya, ni Turanci. Shi ya san abu, ni na san yadda ake faɗar abu, kuma a ɗakin malamai irina ne ake tafa wa.

Muhawararmu mafi tsawo a kan harin nan ne da aka kai da jiragen sama kan dogayen benaye biyu a Amurka. Na kafe cewa shiri ne, su suka rushe abinsu don su sami dalilin yaƙi. Babbar hujjata, wadda na tsinto a karance-karance, ita ce wutar man jirgi ba ta isa ta narka ƙarfe ba. Shehu tambaya ɗaya yake maimaitawa: mutum nawa za su kama bakinsu kafin shiri irin wannan ya ɓoyu? Yakan ce a Tambuwal ko sunan jariri ba ya ɓoyuwa har ranar suna. Sai in ce ai Turawa ba su da gwaggonni. A fashe da dariya, a tashi, na ci.

Wata Asabar ya goya ni a babur zuwa Jabo, maƙerar wani tsoho. Ya miƙa masa guntun rodi mai kauri. Tsohon ya tura shi cikin garwashi, ya zuga har ya yi ja, ya kama da awartaki ya lanƙwasa shi kamar ɗanyen kara. Na ce, "Ai bai narke ba." Tsohon ya dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "Wa yac ce sai ya narke, Malam? In ya sha wuta laushi shika yi. Ɗora mai kaya ka gani."

A tsaye a wurin na san hujjata ta mutu. Amma ranar Litinin na sanar da malamai cewa daga yau maƙerin Jabo za a riƙa kai wa shari'ar duniya. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Shehu ya sa rodin a aljihun teburinsa, bai sake tayar da zancen ba har ciwo ya ɗauke shi.

Ya bar ɗa, Lawali, wanda ya girma yana jin gardamarmu a zauren gidansu, yana ganin wanda ke cin nasara. Yanzu magidanci ne, yana sayen hatsi a ƙauyukan Kebbe. Bara ya fara cewa mutanen da suka shigo daji da bindiga suna wa'azi sharri ake yi musu, duk ƙauyen da aka ƙone manya ne suka shirya don a ɓata musu suna. Na ɗauki rodin, wanda mahaifiyarsa ta haɗa mini da littattafan marigayi, na sami Lawali na ba shi labarin Jabo tun daga farko. A tsugune ya saurara, da ladabinsa. Sannan ya ce, "Baffa, ai kai ka buɗe muna ido. Kai kac ce in anka yi ɓarna a tambayi wa ya ci riba. Tsufa ne yas sa ka tsoro."

Wata biyu ke nan da aka yi masa ganin ƙarshe a Fakku, can ƙasar Kebbe, a bayan babur ɗin wani baƙo. Wayarsa a kashe. Mahaifiyarsa takan aiko a tambaye ni ko na ji wani abu, ni da na yi shekaru ina da amsar kome.

Ina yawan tunanin abin da Shehu zai ce da ya ga yau, da kowace waya ta zama ɗakin malamai, kuma kowanne da irina a ciki. Ina jin zai ce tambayar wa ya ci riba ba ta taɓa rasa amsa, shi ya sa ba ta tabbatar da kome: manomi na cin ribar ruwan sama, amma ba shi ya haɗa hadarin ba. Zai faɗa a hankali, kuma ba wanda zai tura wa wani.

Abin da ya rage na Shehu shi ne ƙarfen nan da tambayarsa. Abin da ya rage nawa yana daji. Shehu, kai ke da gaskiya, kuma tun a Jabo na sani. Lawali, in wani ya karanta maka wannan, ka ji daga bakin wanda ka yarda da shi: na gane gaskiya na ɓoye don kada dariya ta juyo kaina. Rodin yana kan teburina. Gadonka ne, ka zo ka karɓa.