Alfadarin Ladan Gwadabe

Gwadabe ya zo Panshekara ne daga Damagaram bayan farin saba'in da uku. Allah ya ba shi murya, shi ya sa aka ɗora shi a ladancin masallacin unguwarmu, kuma ba abin da yake ji da shi a duniya kamar kiran sallar nan. Abinci kuwa dakon fatu yake yi zuwa kamfanonin jima na Challawa. A ka yake ɗauka, har wani Ayuba mutumin Filato ya tashi komawa gida ya sayar masa da alfadarinsa.

Alfadarin yana ɗaukar kayan jaki biyu ko nishi ba ya yi. Amma yana da wani hali: kullum in sun biyo hanya, sai ya ja ya tsaya a ƙofar Saratu mai burkutu. Duka ba ya motsa shi, lallashi ma haka.

Mu kuwa 'yan unguwa abu ba ya wuce mu. Ladan guda a ƙofar gidan giya, kullum? Ni kaina na sha rage gudun kekena in leƙa. Ban taɓa ganin ƙwarya a hannunsa ba, amma ai ba na tsayawa har ya tafi.

Da magana ta yi yawa, liman, Malam Haruna, ya kira shi gaban jama'a bayan la'asar.

"Gwadabe, me ke kai ka gidan matar nan?"

"Allah gafarta Malam, ba ni ba ne. Ayuba ne ya saba wa alfadarin da dusar burkutu. Tana zuba masa, in ya cinye sai mu wuce."

"Kai kuma kana tsaye kana kallo?"

"To ya zan yi? Kayan mutane ne a bayansa."

Lawan tela ya cafe daga gefe: "Jan idon nan naka fa? Shi ma dusar ce?"

Kowa ya san maganin jima na sa ido ja, rabin masallacin ma haka idonsu yake. Ba wanda ya faɗa, har da ni.

Liman ya ce wani ɗan unguwa, Baffa, ya riƙe kiran salla tukuna, sai Gwadabe ya rabu da dabbar. Ko sati ba a yi ba ya kai alfadarin kara, kasuwar dabbobi, ya sayar. Ranar na gan shi yana dawowa riƙe da igiya kawai, ya ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari ya zo da asuba ya tsaya kusa da lasifika yana jira. Baffa ya wuce shi ya yi kira. Da aka idar, na ji Lawan yana ce wa liman, "Malam, mutumin da ba shi da laifi, me zai sa ya sayar da sauri haka?"

Liman ya gyaɗa kai. Gwadabe ya ƙara shekara goma sha wani abu a unguwar, a sahun baya yake salla.