Khaulat da Zanen Malam Kolo

Idan ka ga hoton wata mata daga unguwarmu a Tofa, fuskarta sumul kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare, to aikin Khaulat ne. Ƙanwata ce, don haka zan faɗi halinta ba tare da wani ja da baya ba.

Ta gama sakandare ta yi aure nan bayan gidanmu. Mijinta ya saya mata waya don su riƙa gaisawa in ya kai gyaɗa kasuwa, ita kuwa ta mayar da wayar shago. Matan unguwa ba sa son hotonsu ya faɗa hannun samarin situdiyo, sai suka koma wajenta. Suna ne, biki ne, saukar karatu ce, duk a tabarmarta ake gyara hoton, tana yi tana leƙa tukunya.

Abubuwa biyu take ja da yatsa a wayar, kuma ta dame mu da bayaninsu. Ɗaya shafnes, wanda take kira kaifi. Shi bakin abu kawai ya sani: gefen ɗankwali, gashin ido, zaren hula. Ɗayan kilariti, shi kuma tsakiyar abu yake shiga, ya ƙara wa inuwa duhu, ya ƙara wa haske ƙarfi, har duk wani kwari da tudu na fuska ya fito. In ta ja shi baya, kuraje da tamoji su ɓace. Kullum baya take jansa, domin ba a taɓa samun wadda ta ce a mayar mata da kurajenta ba. Ni kaina ta taɓa mayar da ni 'yar shekara sha takwas, ban kuwa yi ƙara ba.

Ana nan wata rana ina gidan Khaulat, sai Inna Fanna ta shigo. Tsohuwa ce Babarbariya, ta zo Tofa tun tana amarya tare da mijinta Malam Kolo, wanda ya koyar da rabin unguwar karatun allo kafin ya rasu. Mu Fulani ne, saboda haka ba ta shiga gidanmu mu rabu ba tsiya. Ranar ba ta ko tanka mini ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan hoto da ya yi ruwan ƙasa, shi kaɗai ne hoton Malam a duniya. Ta ce yanar ido ta fara rufe mata gani, tana so a ƙara masa girma ta gan shi sosai kafin ganin ya tafi.

Khaulat ta ɗauki hoton da waya, yatsa ya yi abin da ya saba, ta miƙa tana jiran yabo. Inna ta kai wayar dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

“Wannan ɗan gidan waye?” ta tambaya.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Malam ya fito kamar ango, kumatu luwai-luwai, babu ko layi ɗaya na zanen Barebarin da ke fuskarsa. Na ce ai gyara aka yi masa, an mayar da shi Bafulatani. Inna ba ta yi dariya ba, sai na ji kunya ta kama ni.

Khaulat ta rikice, ta ja kaifi har ƙarshe. Ɗinkin hular ya fito tsaf, fuskar kuma ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata gero. Zane dai shiru, don a tsohon hoton ba shi da baki mai kaifi, inuwa ce kawai ta rage. Inna ta fara naɗe hotonta, ta ce ba komai, wataƙila idon ne ya riga ya tafi.

Nan Khaulat ta tsaya cak. Ta mayar da kaifin inda yake, ta dafa kilariti, ta tura shi gaba, wajen da yatsanta bai taɓa zuwa ba. A hankali layukan suka taso, dogaye, daga gefen ido zuwa haɓa, tare da tamojin goshi da ramin kumatu. Malam ya tsufa a gabanmu, ya koma mutumin da ya sha zane mu a kan hadda.

Inna ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bin layukan. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, ta yi shiru kaɗan kamar mai jiran amsa, ta ci gaba. 'Ya'yanta da jikokinta duk Hausa suka tashi da ita, ban taɓa jin ta yi yaren ba tun rasuwarsa.

Da ta gama Khaulat ta ce, “Inna, me kika ce masa?”

“Gaishe shi na yi, 'yar nan,” in ji ta. “Tun da ya tafi ban samu wanda zan gaisar da bakinmu ba.”