Yaya Hadiza da Firjin Allurar Rigakafi

Daminar bana ta cika shekara biyar da rasuwar yayata Hadiza, kuma har yau in na ga firji sai raina ya ɓaci.

Yaya ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinmu, nan ƙasar Gwarzo, ita ke yi wa yara allurar rigakafi. Maganin ba ya son zafi, shi ya sa aka kawo musu firji mai aiki da hasken rana. Da azumi ya kama, shugaban asibitin, wanda suke ce wa Oga, ya mayar da shi kamar na ɗakin matarsa. Kullum a kawo zoɓo da kunun aya daga gidansa, a cusa, a yi ta buɗewa ana rufewa. Ran nan Yaya ta tarar da kwalaben maganin a bakin taga, rana na dukansu, an fitar da su don kankana ta sami wuri.

A gaban ma'aikata ta ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, wannan ya lalace. Ba zan yi wa ɗan kowa da shi ba."

Ya yi murmushi. "To, babbar likita. Tunda kin fi mu sani, za a kai ki inda ake neman masana."

Ba a jima ba aka canza mata wurin aiki, can wani ƙauye bayan Lakwaya, ga ta da tsohon ciki. Kullum a bayan acaɓa, cikin taɓo da ramuka. Ta je har gida ta roƙe shi a bari ta haihu, ya ce daga sama ne. Naƙuda ta kama ta a hanya, jini ya ɓalle, kafin a kai ta Gwarzo rai ya yi halinsa.

Kwana ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Amma mutum ne ya ɗora ta a kan hanyar nan. Oga ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarmarmu yana cewa ba su da mai ƙwazonta. Yanzu an ƙara masa girma. Ƙawarta Talatu, 'yar Kabo, da ta mara mata baya ran nan, har yau tana inda take, waɗanda ta koya wa aiki sun wuce ta. Yaya, da kina nan me za ki ce? Sauran duk sun ɗauki darasi: ka gani, ka yi shiru, ka kai wa Oga gaisuwa.

Makon jiya na kai 'yata rigakafi, mai sunan Yaya ce. Na bi layi a asibitin. Da aka zo kaina na rungume yarinyar, na ce, "Anti Talatu, buɗe firjin in gani."

Sai da ta waiwayi ƙofa tukuna, sannan ta buɗe. Magani ne kawai a jere, sanyi na fita.

Ta rage murya. "Tun da aka binne ta, ko ruwan leda ba wanda ya ƙara sawa."

Na miƙa mata cinyar yarinyar. Abin da Yaya ta bari ke nan: firji mai tsabta, da ma'aikatan da sai sun duba ƙofa kafin su faɗi sunanta. Allah ya jiƙan ki, Yaya. Shi kuwa, Allah ya isa.